Harafi ɗaya a cikin jini: daga gidan wa yaro ke gado emasi?

Maman Abdul: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya cika mini ciki. Yarona shekararsa uku da wata huɗu. Tun yana wata bakwai yatsunsa na hannu da na ƙafa ke kumbura, ya kwana yana kuka, ko zane ne ya taɓa wurin sai ya tsala ihu. Muka yi ta jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, wannan ya ce iska ce, wancan ya ce baki ne. Sai bara da ɗari aka auna jininsa, takarda ta fito da SS. Emasi ke nan, ciwon jinin da ƴan Najeriya ke ce wa sikila.

Satin da ya wuce ya sake kwanciya, kwana biyar muka yi a asibiti. A bakin gado, gaban mutane, uwar mijina ta ce su a danginsu ba a san wannan ciwo ba, ni na kawo shi daga gidanmu. Ban tanka ba, surukuwa ce. Likitan da ke zagaye ya ji, ya ce mata: "Inna, ba laifin kowa ba ne. Harafi ɗaya ne ya canza a cikin jini, kuma daga uba da uwa duka yaron ya samo shi." Ya wuce gado na gaba, ban samu damar tambayarsa ba. Don Allah wane harafi ne wannan? In kuma daga mu biyu ne, me ya sa ni da babansa lafiyarmu ƙalau?

Zuwaira: Wa alaikumus salam Yaya. Allah Ya ba Abdul lafiya. Ni ma SS ce, shekarata 27, kuma irin maganar nan an faɗa wa mahaifiyata har ta gaji da ji. Ki share hawayenki. Malam Lawali, bisimilla, fagenka ne.

Malam Lawali: Amin. Maman Abdul, abin da likita ya faɗa gaskiya ne, lokaci ne dai bai samu ba. Bari in yi miki yadda nake yi wa ɗalibaina a lise.

A cikin kusan kowace ƙwayar jikinmu akwai wani dogon zare da ake kira ADN, ƴan Najeriya su ce DNA. Shi ne littafin da aka rubuta yadda za a gina jiki. Haruffansa huɗu ne kacal: A, T, G, C. Sunayen sinadarai ne aka taƙaita. Kofi ɗaya na wannan littafi yana da haruffa wajen biliyan 3. Da za ki zauna kina karanta harafi ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai kin yi shekara 95 kafin ki kai ƙarshe. Kuma kowannenmu kofi biyu gare shi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba.

In aka jera littafina da naki, kusan duka iri ɗaya ne. A cikin haruffa dubu, wajen guda ɗaya ne zai bambanta: inda nake da A, ke kina da G. Irin wannan bambanci na harafi guda shi masana ke taƙaitawa da SNP, suna furta shi "sinip". Kowane mutum yana ɗauke da miliyoyinsu.

Galibinsu ba sa canza komai. Bakano ya ce fura, mutumin Maraɗi ya ce hura, harafi ya canza amma abin da ke cikin ƙwaryar ɗaya ne. Wasu kuwa kamar ido da ado ne, harafi ɗaya ya juya ma'ana gaba ɗaya. Na emasi irin na biyun ne.

Jiki yana karanta littafin haruffa uku-uku, kowane uku kalma ɗaya. Littafin kashi-kashi yake, kowane kashi ana ce masa kromozom. A kan kromozom na 11 akwai shafin da ke bayanin yadda ake ƙera wani sashe na emogulobin, abin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jan jini. Ki ɗauki wannan sashe kamar carbi mai ƴaƴa 146. Kalmar da ke zaɓar ɗan carbi na shida ita ce GAG. A wurin mai emasi ta zama GTG. A ta koma T, shi ke nan. Ɗan carbi na shida ya zama wani daban, mai danƙo. Da iskar numfashi ta yi ƙaranci sai emogulobin ɗin ya manne da juna ya yi tsinke-tsinke, ƙwayar jinin da ya kamata ta zama kewayayya mai laushi kamar ƴar masa ta ƙage ta lanƙwashe kamar lauje. Sai ta maƙale a ƙananan hanyoyin jini. Ciwon ƙashin da kumburin yatsun daga nan suke. Ga shi ba ta daɗewa: lafiyayyar ƙwaya na yin kwana 120, mai siffar lauje kwana 10 zuwa 20 ta mutu, shi ya sa kullum jininsu ƙasa yake.

Maman Abdul: Ikon Allah. Malam, to ni da babansa fa?

Malam Lawali: Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ke kina da kofi ɗaya mai GAG, ɗaya mai GTG, wato AS: A shi ne lafiyayyen, S na emasi. Lafiyayyen kofin ya ishe ki, shi ya sa ba ki ciwo. Maigidanki ma haka. Abdul ya karɓi mai GTG daga wurinki, ya karɓi mai GTG daga wurin babansa, shi ne SS. Da daga gefe ɗaya ne da AS zai zama kamar ku. Maigidan naki kuwa daga mahaifinsa ko mahaifiyarsa ya gado. Harafin na iya bin dangi kaka da kakanni ba wanda ya sani, sai ranar da ya gamu da ɗan'uwansa.

Hadiza mai awon jini: In ƙara a kan na Malam. Dalilin da ya sa ciwon bai bayyana ba sai yana wata bakwai, jariri da wani emogulobin na daban ake haihuwarsa, na zaman ciki. Wannan ba ya lanƙwashewa. Wajen wata shida yake ja da baya, na manya ya karɓi aiki, sai ciwo ya fito.

Sannan ku kula da irin awon da ake yi muku. Awon Emmel yana nuna ko akwai S a jini ne kawai, ba ya raba AS da SS yadda ya kamata, kuma ba ya ganin C. Elektroforez shi ke fitar da AA, AS, SS, AC ko SC. In an yi wa mutum ƙarin jini, a jira wajen wata uku kafin a auna, in ba haka ba jinin wanda ya bayar ne zai rikita sakamakon. Na sha ganin wanda ya zo da tsohuwar takarda yana rantsuwa shi AA ne, a sake aunawa a ga AS.

Nura: Anti Hadiza mene ne kuma C?

Hadiza mai awon jini: Kalmar dai ce ta shida, GAG, amma harafin farko ne ya canza, ta zama AAG. An fi samunsa a Burkina Faso da arewacin Gana, muna ganinsa a nan ma. Wanda ya haɗa S da C yana ciwo, galibi bai kai na SS tsanani ba, amma yana taɓa ido da ƙashin ƙugu. Don haka AS da AC ma sai an yi tunani.

Alhaji Mutari: Ni dai ina da magana, ku yi mini uzuri in ta yi ɗaci. Shekarata sittin da biyu. Iyayenmu sun yi aure ba awo ba takarda, ga mu mun cika gari. Yanzu yaro da yarinya sun shaƙu, an kai goro, an sa rana, sai wata takarda ta zo ta raba zumuncin shekara arba'in. A layinmu na Kasuwar Dole akwai aminai biyu da yau ba sa gaisawa saboda wannan. Cuta da lafiya na Allah ne. Ina tawakkali ya tafi?

Zuwaira: Baba Alhaji, da girmanka, ka bar ni in amsa. Kun cika gari, gaskiya ne, amma waɗanda suka rayu ake ƙirgawa. Mahaifiyata ta haifi tara. Biyu sun rasu ba su kai shekara biyar ba, aka ce shawara ce, aka ce zazzaɓi. Sai da aka auna ni aka gane abin da ya ɗauke su. A da ana binne su ne ba a san sunan ciwon ba.

Ni ina godiya ga Allah da rayuwata, na yi karatu, ina ɗinki, ina ciyar da kaina. Amma in hunturu ya kama, mutane na murnar sanyi, ni lissafi nake. Akwai daren da ciwon ya kama mini ƙashin baya da cinyoyi, kamar ana kwankwatsa su da taɓarya. Ƙanena ya goya ni a babur ƙarfe biyu na dare, kowane rami muka faɗa sai na ciji mayafina don kar in tada unguwa. Mahaifina ya sayar da gonarsa ta hanyar Mirya a kan jinyata. Bai taɓa yi mini gori ba, amma na ga ranar da ya dawo daga sayarwar, ya zauna a zaure har magariba bai shigo ba. Wanda ya ga wannan ba zai ce takarda ce ke raba zumunci ba.

Alhaji Mutari: Allah Ya ba ki lafiya ƴata. Ban faɗa don in taɓa miki ciwo ba.

Malam Sanusi: Alhaji, tambayarka a kan tawakkali tana bisa hanya, kuma malamai sun amsa ta tun tuni. Mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, cewa aka yi ya ɗaure ta sannan ya dogara. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'a, aka ce masa gudun ƙaddara yake, ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Awon jini ɗaure raƙumi ne.

Bayanin Malam Lawali kuma bai ba ni mamaki ba, don kullum ina ganin irinsa a allo. Ba da nun jikinsu ɗaya a tsakiyar kalma, ɗigo ne ya raba su, wannan a ƙasa wancan a sama. Yaro ya sa ɗigo inda ba wurinsa ba, kalma ta tashi daga ma'anarta. Sai dai inda na goyi bayan Alhaji: aibin yana wurin lokacin awon. A bari sai an sa rana sannan a auna, wannan shi ke kawo ɓacin rai. Tun ran gini ran zane.

Nura: Malam ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ni AS ne, wadda nake nema ƴar kawuna ce, ita ma AS. Wani abokina ya ce ai ɗaya cikin huɗu ne, in muka tsaya a haihuwa uku mun tsira. Haka ne?

Malam Lawali: A'a Nura, kar ka gina rayuwarka a kan wannan lissafi. Ɗauki ƙwarya biyu, taka da tata. Kowace ka sa farin goro ɗaya da jan goro ɗaya. Rufe ido ka ɗauko ɗaya daga nan, ɗaya daga can. In duka ja ne, SS. Duka fari, AA. Gauraye, AS. To kafin ciki na gaba sai ka mayar da goron ka sake ɗauka. Ƙwarya ba ta tuna abin da ka ɗauka jiya. Kowane ciki da nasa ɗaya cikin huɗu. Akwai gidan da ƴaƴa shida ba SS ko ɗaya, akwai gidan da ukun farko duka SS ne.

Auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar, tunda kakanku ɗaya. Amma bare ma ba tabbas ba ne, don harafin ya yi yawa a yankinmu. A Najeriya wajen mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar na ɗauke da shi, mu da su kuwa jini ɗaya ne. Jihar Kano ma ta kafa dokar awo kafin aure a 2024.

Nura: To ku ce in fasa ke nan.

Zuwaira: Ba wanda zai yanke maka, ƙanena. Amma kafin ka yanke, ka je ɗakin yara na asibiti ka zauna awa biyu, kai da ita. Ku yanke da idonku a buɗe.

Bello: Malam Lawali, abin da ya ɗaure mini kai, in harafin nan cuta ne zalla, me ya sa bai ƙare ba? A da ai masu SS ba sa kai shekarun aure. Ya kamata a ce yana raguwa.

Malam Lawali: Madalla da wannan tambaya. Amsarta sauro. Wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna a 1954, daga aikin da ya yi a gabashin Afirka, cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro. Suna kamuwa, amma wanda ke kai yaro ga suma da mutuwa ba ya cika kama su ba. A ƙasar da zazzaɓi ke kwashe yara kowace damina, mai AS ya fi mai AA damar girma ya haihu. Haka harafin ya yaɗu. In ka ɗora taswirar emasi a kan ta zazzaɓi za ka ga sun hau juna: Afirka ta yamma da ta tsakiya, sassan Larabawa, Indiya. Wani bincike na 2018 ya ƙiyasta cewa sau ɗaya canjin ya faru, a jikin mutum ɗaya, wajen shekara 7,300 da suka wuce, zamanin da Sahara ke da tafkuna da ciyayi. Wasu masanan suna ganin ya fi haka daɗewa. Ko yaya ne, raƙuman dawan da aka sassaƙa a duwatsun Dabus can ƙasar Agadas shaida ce cewa hamadar nan ta taɓa zama dausayi, inda ruwa yake kuwa sauro na nan.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji ana cewa "gidan su wane masu mugun jini ne". Harafin da ake gori da shi, shi ya tsare kakanninmu har muka zo duniya. Sai dai a kula, kariyar ta mai AS ce. Mai SS zazzaɓi babban haɗari ne gare shi, kar a bar shi ya kwana ba gidan sauro.

Kai ma Bello kana ɗauke da naka labarin. Nono nawa kake sha in ka je gida?

Bello: In na je rugarmu wajen Belbeji, ƙwarya guda ta madara mai ɗumi da safe, ko gezau. Abokina da na kai can ya sha kofi ɗaya, yini ya yi cikinsa na kuka.

Malam Lawali: To harafi ɗaya ne tsakaninku. Kowane jariri yana da sinadarin narkar da sukarin madara. Ga yawancin mutanen duniya, bayan yaye sai jiki ya rage yin sa. Amma akwai wani wuri a kromozom na 2, haruffa 13,910 kafin shafin wannan sinadari, inda C ta koma T ga wasu mutane, sai makunnin ya zauna a kunne har tsufa. Ana samun wannan sosai a Turawan arewa, ana samunsa a Fulani. Makiyayan Kenya da Tanzaniya nasu harafin daban ne a kusa da wurin, na Larabawa masu raƙuma ma daban, amma aikin ɗaya. Abokinka ya sha kindirmo ko nonon da ya yi tsami, zai fi masa sauƙi, don tsamin ya riga ya cinye wani kaso na sukarin.

Akwai kuma wani a kromozom na 1, T ta koma C, wanda kusan dukan mutanen Afirka ta yamma ke da shi. Ya rufe ƙofar da wani nau'in zazzaɓi mai suna vivax ke bi ya shiga ƙwayar jini, shi ya sa wannan nau'in ya yi ƙaranci a nan alhali ya addabi Indiya.

Hadiza mai awon jini: Har a magani abin na shiga. Akwai ƙarancin G6PD, wani sinadari mai kare jan jini, shi ma canjin haruffa ne, a kan kromozom X, wanda namiji ke da guda ɗaya kacal, don haka ya fi bayyana ga maza. Mutum lafiyarsa lau, sai ya sha wani magani irin su primakin, jininsa ya farfashe, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi baƙi kamar shayi. Shi ya sa ba na son ɗabi'ar nan ta "ya yi mini aiki, kai ma sha". Jikinku ba rubutu ɗaya ba ne.

Alhaji Mutari: To tunda sun san harafin, sun san inda yake, me ya hana su goge shi su rubuta daidai? Allo ma ai ana wankewa.

Malam Lawali: Alhaji, sanin ya daɗe. Tun 1949 Linus Pauling ya nuna emogulobin ɗin masu ciwon daban yake, a 1957 Vernon Ingram ya gano ɗan carbin da ya canza. Gyaran ne mai wuya, don ba a allo ɗaya aka rubuta ba, a cikin ɓargo yake, a ƙwayoyi masu ɗimbin yawa. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani magani mai suna Casgevy. Shi ma bai goge harafin ba. Ana ciro ƙwayoyin ɓargon mutum, a taɓa wani wuri a ADN ɗinsu don su koma yin emogulobin na jarirai da Hadiza ta ambata, a mayar masa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya, fiye da sefa biliyan guda. Akwai dashen ɓargo daga ɗan'uwa wanda nasu ya dace, shi ma tsada da haɗari. Abin na ci mini rai, yawancin masu ciwon a Afirka ake haihuwarsu, maganin kuma yana inda ba za su kai ba.

Zuwaira: Kafin wancan ya iso mu, Maman Abdul, ga abin da ya riƙe ni. Ruwa, ruwa, ruwa, ko bai ce yana jin ƙishi ba, musamman watannin zafi. Da ɗari a rufe masa hannu da ƙafa, kar a yi masa wanka da ruwan randa. Rigakafinsa ya cika. Asid folik da penisilin yadda likita ya rubuta. In jikinsa ya yi zafi kar ki jira gari ya waye. Ki tambayi likitansa maganar idroksiyure, ni tun da aka ɗora ni a kai kwanciyata ta ragu sosai, amma sai da awon jini a kai a kai, ba a saye a sha da ka. In kin samu hali, akwai cibiyar masu emasi ta ƙasa a Yamai.

Maman Abdul: Allah Ya saka muku da alheri, Ya bar zumunci. Jiya da dare na karanta wa Baban Abdul duka, har na goron sai da ya sa na maimaita. Ya yi shiru, can ya ce shi bai taɓa auna nasa ba, ya ɗauka tunda ba ya ciwo ba ruwansa. Ya ce shi zai yi wa Inna magana da kansa, kar in sa baki. Anti Hadiza, ƙanwar Abdul watanta biyar, ba ta taɓa kumburi ba. In kawo ta yanzu ko in jira?

Hadiza mai awon jini: Kar ki jira kumburi. Ki kawo ta, in sakamakon bai fito sarai ba saboda emogulobin na jarirai sai a maimaita in ta ƙara wata biyu ko uku. Ku zo da babansu a auna shi rana ɗaya, ba sai da azumi ba, ku ci abincinku. Ki taho da tsohuwar takardar Abdul da katin rigakafinsu duka biyu.

Nura: Anti, in mun zo mu biyu da ita, za a iya sake mana namu? Nawa tun ina aji uku a kwaleji aka yi.

Hadiza mai awon jini: Za a iya. Ku zo da safe kafin layi ya yi tsawo.